Abinda na ɗauko daga dajin Jamus, da wanda ya ƙi biyo ni

Shekaranjiya da daddare wani ƙanena a sana'a, yaron da ya gama digirinsa na ilimin gandun daji bara, ya turo min saƙo yace Yaya don Allah ya kake gani, in nemi mastas ɗin nan a waje ko in haƙura in kama aiki, kuma in na je ɗin me zai canza min a rayuwa. Na fara ba shi amsa a waya sai naga abin yana ta tsawo yana ta tsawo har yatsa ya gaji, nace bari kawai in zauna in rubuta shi gaba ɗaya tunda nasan ba shi kaɗai ne tambayar nan take ci wa rai ba, nima ta hana ni barci a lokacina kuma ban samu wanda ya zaunar da ni ya faɗa min gaskiya ba.

Ni dai da na gama digirin farko kaina cike yake da sunayen bishiyoyi na Latin da lissafin yadda ake gane yawan katakon da ke jikin itace, duk a hadda, in ka tashe ni tsakar dare zan zuba maka su. Amma na'urar auna tsawon bishiya sau biyu na taɓa riƙe ta a hannuna duk tsawon karatun, don guda ɗaya ce kuma mu muna da yawa. Ba laifin malamanmu bane, wallahi wasu daga cikinsu sun san daji fiye da wasu furofesoshin da na haɗu da su daga baya, kayan aiki ne babu. Bayan nan nayi shekara biyu da ɗoriya a wurin renon dashe, cika leda da ƙasa, ban ruwa, lodin dashe a mota idan damina ta faɗi. A lokacin gani nake ɓata lokaci nake, ashe shekarun nan biyu su ne suka buɗe min ƙofa, don tallafin karatun DAAD na Jamus da na nema sai kana da aƙalla shekara biyu na aiki bayan digiri kafin ma su duba takardarka. A 2018 na tafi. Akwai kwasa-kwasan dazuzzukan ƙasashe masu zafi da ake yi da Turanci a jami'o'i irin su Göttingen da Dresden, ɗaya daga irinsu na shiga, ajinmu kuwa kamar taron majalisar duniya, ga ɗan Nefal ga 'yar Indunusiya ga ɗan Habasha ga 'yan Kudancin Amurka.

Abinda ya fara girgiza ni ba a aji ya faru ba. Sati na uku aka kwashe mu zuwa daji, sanyi har cikin ƙashi, wani dattijon malami ya tsayar da mu a wani fili da bai kai rabin hekta ba. Kowace bishiya a wurin da lambarta an rubuta da farin fenti, kuma a ƙasan lambar akwai ɗan layi da aka ja daidai tsawon mita 1.3 daga ƙasa, wato daidai ƙirjin mutum, don duk wanda zai zo awon kaurinta ya ɗora tef ɗinsa a wuri ɗaya da wanda ya riga shi. Sai ya buɗe jaka ya fito da kwafin wani tsohon littafi, rubutun hannu irin na Jamusawan da, wanda ko ɗaliban Jamus ɗin da ke tare da mu da ƙyar suke karanta shi. Ya nuna mana bishiya mai lamba 41, ya nuna layinta a littafin, ga kaurinta lokacin da aka fara awo, ga na bayan shekara biyar, ga na bayan goma, haka haka layi yana bin layi, rubutun hannu yana canzawa don masu awon suna mutuwa wasu na gadonsu, yaƙin duniya biyu sun zo sun wuce awon bai tsaya ba sai ɗan giɓi. Ya miƙo min tef yace auna. Na zagaya tef ɗin a jikin ɓawon, hannuna na rawa don sanyi, na karanta lamba, ya rubuta ta a ƙasan ta mutanen da suka mutu tun kakana bai zo duniya ba. Yace min wanda ya fara wannan awon ya san sarai ba zai ga amfaninsa ba, ku ya yi wa. Jamus tana da irin filayen awon nan da ake bi tun shekarun 1870, kuma duk teburan lissafin girman itace da muka haddace a gida daga irin wannan haƙurin aka samo su, ni ban taɓa tambayar kaina daga ina lambobin suka fito ba sai ranar.

Daga baya da muka shiga tarihin fannin sai na gane fita waje neman ilimi a jinin sana'ar nan yake tun asali. A 1713 wani jami'in ma'adinai a yankin Saksoni, Hans Carl von Carlowitz, da ya ga itacen da ake tokare ramukan azurfa da narka ta yana neman ƙarewa, ya rubuta cewa kada a sare fiye da abinda daji zai iya mayarwa, kuma shi kansa sai da ya zaga ƙasashen Turai yana saurayi kafin ya zo da wannan tunanin. Heinrich Cotta ya kafa makarantarsa a Tharandt kusa da Dresden a 1811, ɗalibai suka riƙa zuwa daga ƙasashe. Faransa ta buɗe tata a Nancy a 1824, can Gifford Pinchot ya je ya ɗan yi karatu ya koma Amurka ya zama shugaban hukumar dazuzzukansu na farko a 1905. Shi kuma Dietrich Brandis Bajamushe ne da Turawan Ingila suka ɗauka, ya zama babban sufeton dazuzzukan Indiya a 1864, a zamaninsa aka buɗe makarantar Dehradun a 1878, kuma tsarin da aka gina a Indiya shi aka riƙa kwafa ana kaiwa sauran ƙasashen da Ingila ta mallaka. Wato abin nan na a shata daji a kafa masa iyaka a ce na gwamnati ne, a sa mai gadi, a hana mutanen da suka tashi a gefensa shiga sai da takarda, shima kaya ne da masu karatun waje suka ɗauko a ka suka sauke inda ba a tambayi masu wurin ba. Wannan ya tsaya min a rai ƙwarai, don nima ga ni nan na zo ɗaukar kaya.

Kuma Allah da ikonsa na je ne a daidai lokacin da dajin nasu yake mutuwa a gaban idonsu. A farkon 2018 guguwa ta kayar da itatuwa masu yawa, sai fari ya biyo baya a shekarar da wadda ta bi ta da ta bayanta. Akwai wata doguwar bishiya miƙaƙƙiya mai ganye kamar allura da suke ce wa Fichte, ita suka fi dasawa shekara da shekaru don tana saurin girma tana bada katako mai kyau, sun jera ta layi layi iri ɗaya shekaru ɗaya har a wuraren da ba nan ne mazauninta na asali ba. Da fari ya raunana ta sai wani ɗan ƙwaro da bai fi ƙwayar shinkafa ba ya far mata. An kai mu tsaunukan Harz, ka tsaya kan tudu iya ganinka itatuwa ne a tsaye sun bushe sun yi furfura, ba ganye ba komai. Malamin dajin wurin ya sa wuƙa ya ɓantaro ɓawon wata, a ciki ga hanyoyin da ƙwaron ya sassaƙa, layi ɗaya dogo a tsakiya da ƙanana suna fita gefe da gefe kamar rubutu a shafi, shi yasa ma suke kiransa mai buga littafi da yarensu. Mutumin nan ya kai shekara sittin, yace itatuwan nan wanda ya gada ne ya rene su, shi kuma ya yi shekara talatin yana rage musu cunkoso yana jiran lokacin sara, ga shi cikin damina biyu komai ya tafi. Idonsa ya kawo ruwa, mu duka muka yi tsit. Ban ji daɗin ganin haka ba ko kaɗan, amma ranar na daina kallon tsarinsu a matsayin abinda ba ya kuskure. Abinda kuma ya ƙara burge ni shine basu ɓoye ba, a aji malamai suna faɗa da bakinsu cewa dashen iri ɗaya kuskure ne da aka daɗe ana gargaɗi a kai, kuma suna da lambobin da za su nuna inda aka kauce, don sun auna sun ajiye.

Sauran karatun kuwa yawancinsa a gaban kwamfuta ne, kuma maganar gaskiya shi ne yake ciyar da ni yau. Na koyi haɗa taswira da manhajar QGIS, na koyi lissafi da wata manhaja da ake kira R wanda na sha wuyarsa wata uku kafin kaina ya buɗe, na koyi karanta hotunan tauraron ɗan adam, na Landsat da aka fara ɗauka tun 1972 kuma aka sake su kyauta a 2008, da na Sentinel-2 na Turai da ya fi su gani kusa. Na koyi yadda ake tsara samfurin awo don kada ka je ka auna inda ya fi maka sauƙin zuwa ka ce haka duk dajin yake. Na koyi rubuta rahoto da neman kuɗin bincike, da tsayawa gaban furofesa in ce masa ban yarda ba ga dalilina, wanda da farko nauyi ya hana ni, har sai da mai duba aikina ta ce min in na ci gaba da cewa to ga duk abinda ta faɗa ba za ta san ko ina fahimta ba.

Wurin aikin bincikena na ƙarshe ne na ci karo da abinda ya juya min akalar aiki gaba ɗaya. Na buɗe taswirar dazuzzukan duniya da kowa ke amfani da ita, na matso da ita kan yankin busassun ƙasashe inda nayi aikin dashe, sai naga wurin fayau, wai ba komai. Alhali ni nasan gonakin nan, nasan gawo da kaɗanya da kuka da ɗorawa da ke tsaye a cikinsu, na sha zama a inuwarsu. Dalili biyu ne. Na ɗaya kowane ɗigo a hoton Landsat mita 30 ne a ƙasa, to bishiya ɗaya tilo a tsakiyar gona narkewa take a cikin launin ƙasa. Na biyu ma'anar daji kanta, don a wurin hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, kafin a kira wuri daji sai ya wuce rabin hekta, itatuwansa su wuce mita 5, inuwar rassansu ta rufe fiye da kashi 10 cikin ɗari, kuma kada ya zama ƙasar noma ce. Kaga kenan duk itacen da manomi ya bari a gonarsa ya fita daga lissafin daji, kuma abinda baya cikin lissafi ba a ware masa kuɗi ba a yi masa doka mai kyau. Ina cikin rubutun nan a 2020 sai ga binciken su Martin Brandt na jami'ar Kopenhagen ya fito, sun yi amfani da hotuna masu gani ƙasa da mita ɗaya suka koya wa kwamfuta gane kan bishiya, suka ƙirga sama da biliyan 1.8 a yammacin Sahara da Sahel, a faɗin wajen murabba'in kilomita miliyan 1.3, wurin da taswirori ke nuna kamar ba komai. Ranar da na karanta har tashi nayi ina zagaya ɗaki. Daga nan nasan abinda nake so in yi da rayuwata, itatuwan da ba sa cikin daji.

To sai dawowa, kuma nan ne nake so ƙanena ya buɗe kunne. Na dawo da zaton takardar nan za ta sa a riƙa kirana, sai nayi wata takwas ina zaune. Wani wurin su ce na fi ƙarfin gurbin, wani wurin su ce ba ni da gogewar shugabanci, wani wurin ma ko amsa babu. Abokan da muka gama digirin farko tare waɗanda basu je ko'ina ba sun riga sun yi gaba a ma'aikata, sun san kowa kowa ya san su, ni kuwa shekara biyu da rabi ba na nan an manta da ni. Wannan hasara ce ta gaske da ba a faɗa wa mutum. Aikin da na fara samu kuma ba takardar ce ta kawo shi kai tsaye ba, 'yar ajinmu ce 'yar Indunusiya da ta samu aiki a wata cibiyar bincike ta ga ana neman wanda ya iya taswira kuma ya san busasshen yanki, ta tura sunana. Tun daga nan kusan duk aikin da na samu ta irin wannan hanyar ce, wani ya san wani da ya ga aikina. In ka tambaye ni me karatun waje yake ba mutum a fannin nan, mutanen da ka zauna aji da su suna cikin manyan abubuwa, don fannin ƙarami ne, bayan shekara biyar za ka tarar sun bazu a ma'aikatu da cibiyoyi da ƙungiyoyi a nahiya uku.

Cikin 'yan ajin namu kowa da inda ya faɗa. Wasu sun zarce digirin digirgir basu koma ba, kuma ni bana zaginsu, wani yana da iyali da ƙanne a wuyansa. Wasu sun shiga harkar kabon, wato lissafin iskar da itace ke riƙewa ana sayar da shaidarta, wasu suna aikin tantance katako na FSC, wato ƙungiyar da ke bada shaidar cewa katako ya fito daga dajin da ake kula da shi yadda ya kamata, wasu kuma tun da Tarayyar Turai ta yi dokarta ta 2023 da ta ce kaya irin su katako da koko da roba sai an nuna daga filin da suka fito kuma ba a sare daji don su ba bayan ƙarshen 2020, sai neman masu iya taswira ya ƙaru suka samu shiga. Ɗan Nefal ɗinmu ya koma ma'aikatarsu, shi ne ma ya fi koya min abu a kan dajin al'umma fiye da kowane littafi, don a ƙasarsu tun dokar 1993 ake miƙa wa ƙungiyoyin ƙauye daji su riƙe da kansu, kuma ya zauna a irin tarukan nan ya ga rigimarsu da daɗinsu. Amma abu ɗaya da na lura ya haɗa mu kusan duka, karatun ya ɗauke mu daga daji ya zaunar da mu a ofis. Kafin in tafi kullum ƙafata da ƙasa, bayan na dawo sai na wayi gari ina yin wata huɗu ban taɓa ɓawon itace ba, ina zana taswirar wuraren da ban taɓa takawa ba. Albashi ya fi, ana kiranka taro, amma a hankali kana zama mai fassara tsakanin masu bada kuɗi da masu aikin, kuma idan baka yi hankali ba yaren masu kuɗin kaɗai za ka ƙare da ji.

Wanda ya dawo da ni hanya wani tsohon malamin daji ne, Baba nake ce masa, da aka haɗa ni da shi a aikina na biyu, saura shekara biyu ya yi ritaya, ko sakandare bai gama ba. Ranar farko na fito da tef da fom ɗina da na tsara irin na can, muka isa gindin wata aduwa, na durƙusa zan auna a mita 1.3 sai naga tun daga gwiwa ta rabu gida huɗu. Wanne zan auna? Muka matsa gaba, ga gawo an sassare rassansa an ba dabbobi, kaurin gindinsa na babbar bishiya amma kansa ɗan kaɗan, lissafin ƙiyasta nauyin bishiya daga kaurinta da na zo da shi kuwa, wanda aka gina da itatuwa wajen 4,000 da aka sare aka auna nauyinsu a ƙasashe masu zafi, yana ɗauka duk mai wannan kaurin tana da cikakken kai. Ga sabara da kalgo da ba su kai tsawon da fom ɗina ya yarda a kira su bishiya ba, alhali su ne suka fi yawa a filin. Baba yana tsaye yana kallona bai ce komai ba har na gaji na zauna. Sannan yace ɗana, takardar taka ta wani daji ce, tashi mu tambayi wannan. Ya kai ni gindin wani kalgo ya sa sanda ya tone ƙasa kaɗan, sai ga kututture mai kaurin cinya a ƙarƙashi, yace wannan da kake gani kamar tsiron bana ya girme ka, duk shekara ana sare shi yana sake tohowa, saiwarsa tana can ƙasa inda ruwa yake. Yace dashen da kuke kawowa a leda jariri ne, wannan kuwa babba ne da aka hana shi tashi.

Na san labarin a takarda, an koya mana shi ma a Jamus, yadda Tony Rinaudo ɗan Ostareliya ya lura da irin kututturan nan a yankin Maraɗi a 1983 bayan dashensa ya yi ta mutuwa, aka fara abinda manoma ke kira sassaben zamani, wato maimakon ka share toho duka sai ka zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi ka rage sauran ka bar su su tashi, har aka kiyasta wajen hekta miliyan 5 sun farfaɗo a Nijar da itatuwa kusan miliyan 200. Na ma rubuta jarabawa a kai na ci. Amma sai da Baba ya tone ƙasar nan na sa hannu na taɓa kututturen sannan ilimin ya sauko daga kaina. Kuma shi bai taɓa jin sunan Rinaudo ba, shi dai ya san abinsa. Muka zauna ni da shi sati biyu muna gyara fom ɗin, muka koma auna kauri a kusa da ƙasa ga masu rassa da yawa, muka ƙara gurbin faɗin kai da gurbin ko an yi mata sara, muka ƙara gurbin mai gonar da abinda yake amfani da itacen. Shi ya san abinda ya kamata a duba, ni kuma nasan yadda za a tsara shi ya zama lambar da wani a wata ƙasa zai yarda da ita. Ko lokacin ɗaukar hoto shi ya gyara min, yace in gawo kake nema kada ka duba da damina, lokacin ne yake zubar da ganye, bari sai rani ya yi kowa ya bushe shi kaɗai zai rage kore. Na koma kan hotunan rani sai ga su ɗigo ɗigo kamar an yayyafa.

Inda karatun wajen ya sa ni a tsaka mai wuya shine maganar ƙirga. A wani aiki da nayi, ba zan faɗi wurin ba, rahoton da ake turawa kullum na adadin dashen da aka dasa ne, dubu kaza dubu kaza, da hotuna ranar dashe. Ni kuma abin nan na bishiya mai lamba 41 ya riga ya shiga jinina, sai na koma filayen bayan rani ɗaya na ƙirga waɗanda suka rayu. Abinda na tarar bai yi daɗi ba, a wasu filayen sai ka yi tafiya mai nisa kana ganin ramuka da busassun tsinke. Na kai wa ogana, yace kai dai ka cika kawo tsarin Turawa, wa ya tambaye ka wannan. Nace ranka ya daɗe ba na Turawa bane, manomi ma in ya shuka yana komawa ya ga me ya fito. Bai ji daɗi ba, kuma kwantiragina da ya ƙare ba a sabunta ba. Na ji zafin abin sosai don lokacin an yi min haihuwa. Amma lambobin nan da na tara su na nuna a wurin da nake yanzu suka ɗauke ni, don su abinda suke nema kenan, wanda zai faɗa musu me ya rayu.

Don haka ƙanena, in ka samu tallafi ka tafi, ban ce ka sayar da abinda iyaye suka tara ba don fannin nan ba ya mayar da kuɗi da sauri. Amma kafin ka tafi ka yi aiki a fili ko shekara biyu ne, ka san wani wuri da ƙafarka, don wanda ya je ba tare da tambayarsa ba tambayar wasu zai ɗauko ya dawo da ita. Aikin bincikenka ka dage ka yi shi a kan wurin da za ka koma, ko da malaminka ya fi son ka yi a kan dajin bayan makaranta don ya fi sauƙi. Ka riƙe lambar mutanen da ka bari, ka riƙa gaishe su kana can, ranar dawowa za ka gane amfanin haka. Kuma in ka dawo aka haɗa ka da irin su Baba, ka rufe kwamfutar tukuna ka bi bayansa.

Ni yanzu filayen awo 40 gare ni da muka kafa da Baba kafin ya yi ritaya, a gonakin mutane da izininsu, kowanne mun binne guntun ƙarfe a tsakiyarsa mun ɗauki lambar GPS, ba mu sa fenti ba don masu gonar basu so, sai muka zana taswirar kowace bishiya a littafi. Babu wanda yake biyan kuɗin wannan aikin, a hutuna nake zuwa. Bana muka yi awo na uku. A fili na 17 mun sha wuya kafin mu gano ƙarfen don an yi huɗa a kansa, sai ɗan mai gonar ne ya tuna inda yake ya tono mana. Kalgon nan da Baba ya tone min gindinsa, mai gonar ya bar masa reshe biyu, yanzu ya fi ni tsawo sai da na ɗaga sandar awo. Baba ƙafa ta hana shi zuwa, sai na kira shi a waya daga gindin na karanta masa lambar, yace to rubuta, kuma ka rubuta da kyau yadda na bayanka zai iya karantawa. Yaron da ya turo min saƙon nan nace masa ya shirya, in Allah ya kai mu awo na gaba shi zai riƙe tef.